ƘIBA DA JUNA BIYU: NAUYIN DA KE KAN MIJI DA MATA

Jawabin da Kwamitin Lafiya na Ƙungiya ya gabatar a wajen babban taron shekara-shekara

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



GABATARWA

An saba a irin wannan zama a tattauna batun hanya da ruwan sha da wutar lantarki da gyaran makarantu. Duk waɗannan ayyuka domin mutane ake yin su, kuma lafiya uwar jiki ce. Don haka a bana kwamitinmu ya zaɓi ya yi magana a kan wata matsala da ta shigo gidajenmu na birni a hankali, har muka yi mata shimfiɗa muna zaton baƙuwar arziki ce. Wannan matsala ita ce ƙiba da ta wuce kima, musamman a tsakanin ma'auratan da ke neman haihuwa ko suke jiran ta.

Dalilin zaɓen wannan batu ba ɓoyayye ba ne. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mata kimanin 260,000 ne suka rasu a duniya sanadin ciki da haihuwa, kuma kimanin 75,000 daga cikinsu a Nijeriya ne. Wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu ke nan. Manyan abubuwan da ke ɗauke su sun haɗa da zubar jini da hawan jini da jijjiga da doguwar naƙuda, kuma ƙiba tana ƙara wa kowannensu ƙarfi.

ABIN DA MUKA GADA DA ABIN DA YA SAUYA

A wurin Bahaushe ƙiba alama ce ta hutu da wadata. Idan amarya ta yi wata uku a ɗakinta aka gan ta ta murje, sai a yaba wa miji, a ce ya iya kiwo. Idan kuwa ta rame, dangi su shiga tambayar ko lafiya. Namiji ya aje tumbi, a ce naira ta zauna. Aka haifi jariri ƙato, 'yan barka su cika ɗaki da yabo. Wannan fahimta tana da tushe, domin ta samo asali ne a zamanin da yunwa ke ziyartar ƙasarmu a kai a kai, kuma wanda ya samu tsoka a jikinsa ya fi jure wa fari da cuta.

Sai dai iyayen da suka bar mana wannan fahimta sun rayu ne a kan tuwon dawa da gero, da miyar kuka da kuɓewa, da kwaɗon zogale da rama. Uwa takan yi surfe da daka da niƙa, ta ja ruwa a rijiya, ta kai abinci gona. Uba yakan wuni da fartanya a hannu, ya taka sayyadarsa zuwa kasuwar ƙauye. Mu kuwa da muka koma birni, inji ya karɓi aikin turmi, famfo ya karɓi aikin guga, mota da adaidaita sahu sun karɓi aikin ƙafa. Farar shinkafa da taliya da burodi da shayi mai kauri da soye-soye da lemon kwalba sun mamaye akushinmu. Ci ya ƙaru, motsi ya ragu, amma ma'aunin da muke auna lafiya da shi yana nan yadda muka taho da shi daga gida.

Alƙaluma sun tabbatar da haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙiba, kuma adadin manya masu ita ya ninka fiye da sau biyu daga 1990. A nan gida, binciken lafiyar jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna kashi 28 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima, alhali a 2008 kashi 22 ne. A birane adadin ya kai kashi 36, a karkara kuwa kashi 21. Binciken ya kuma nuna kashi 12 na matan ramammu ne, kashi 58 kuma suna da ƙarancin jini. Ke nan a zuriya guda za a iya samun yaya a birni tana fama da ƙiba, ƙanwa a gida tana fama da rama. Kuma mace tana iya zama mai jiki sosai alhali jininta bai kai ba, saboda abin da take ci yana cika ciki ne kawai, ba ya gina jini.

Akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye, mu 'yan ci-rani. Tun cikin shekarun 1980 wani masani ɗan ƙasar Ingila, Farfesa David Barker, ya nuna cewa jariran da aka haifa da ƙarancin nauyi sun fi haɗuwa da ciwon zuciya idan sun girma. Haka kuma an bi diddigin mutanen da suke cikin iyayensu lokacin yunwar da aka yi a ƙasar Holan a tsakanin 1944 da 1945, aka tarar ƙiba da ciwon sukari sun fi yawa a cikinsu. Ma'ana, jikin da ya fara rayuwa cikin ƙaranci yakan koyi tattali, idan ya tsinci kansa cikin yalwa sai ya kasa ɗauka. Da yawa daga cikinmu da ke zaune a nan, wannan shi ne tarihinmu.

YADDA AKE GANE NAUYI YA WUCE KIMA

Ido ba ma'auni ba ne, saboda haka likitoci suna amfani da lissafin nauyi da tsawo. Mutum zai auna tsawonsa da mita, ya ninka adadin da kansa, sannan ya raba nauyinsa na kilo da abin da ya samu. Idan sakamakon ya gaza 18.5, akwai rama. Daga 18.5 zuwa ƙasa da 25, nauyi ya daidaita. Daga 25 zuwa ƙasa da 30, nauyi ya wuce kima. Daga 30 zuwa sama kuwa, ƙiba ce da ke buƙatar kulawa. Alal misali, mace mai tsawon mita 1.60 ta fara haura iyaka idan ta kai kilo 64, ta shiga sahun masu ƙiba idan ta kai kilo 77. Namiji mai tsawon mita 1.70 kuma, iyakarsa ta farko kilo 72 da ɗoriya ce, ta biyu kilo 87.

Wanda lissafi ya yi wa nisa, akwai hanya mai sauƙi. Ya samu igiya daidai tsawonsa, ya ninka ta biyu, ya zagaya ta a cikinsa ɗan sama da cibiya. Idan ba ta haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, kuma shi ne kitsen da ya fi jawo ciwon sukari da hawan jini. Waɗannan gwaje-gwaje biyu kafin a samu ciki ake yin su, ko kuma a farkon shigarsa ga na lissafi.

ILLOLIN ƘIBA GA UWA DA ƊA

Illa ta farko takan bayyana tun kafin cikin. Ƙiba tana rikita al'adar mace, tana hana ƙwai fita a kan lokaci. Mata da dama sun sha jiƙe-jiƙe da zargin kishiya, alhali rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsu yana iya daidaita al'adar. A ɓangaren namiji ma, ƙiba tana rage ingancin maniyyi, ciwon sukari kuma yana raunana mazakuta. Saboda haka idan haihuwa ta yi jinkiri, adalci shi ne a duba su duka biyun.

Illa ta biyu ita ce ciwon sukari na masu ciki. Mabiyiya tana fitar da sinadaran da ke rage wa insulin ƙarfi, wato sinadarin da ke daidaita sukari a jini. Jikin da kitse ya riga ya wahalar sai ya gaza, sukari ya hauhawa, ya ratsa zuwa ga ɗan tayi. Ɗan ya yi ta girma har ya kai kilo 4 ko fiye. Daga nan ne ake samun doguwar naƙuda, ko kai ya fito kafaɗa ta maƙale, ko uwa ta yi mummunar ƙari, ko a kai ga yin tiyata. Jaririn da 'yan barka ke yabon girmansa yana iya fuskantar faɗuwar sukari a sa'o'insa na farko, kuma ya fi kusa da ƙiba da ciwon sukari idan ya girma. Ita ma uwar, ko da ciwon ya lafa bayan haihuwa, hatsarin dawowarsa na dindindin ya ninka na sauran mata sau da yawa. Wannan ciwo sau tari ba ya nuna alama, shi ya sa ake gwada shi tsakanin mako na 24 da na 28.

A nan ya kamata mu jinjina wa kakanninmu mata. Tun fil azal sun hana mai ciki yawan shan zuma da rake da sauran kayan zaƙi, suna cewa zaƙi yana tare haihuwa. Bayaninsu ya bambanta da na likitoci, amma gargaɗin ya faɗa kan gaɓa. Abin da muke roƙo shi ne a riƙe hanin, a bar ɗirka wa mai ciki jiƙon maganin zaƙi da ba a san ƙarfinsa ba.

Illa ta uku ita ce hawan jini na masu ciki, wanda idan ya ta'azzara yake kaiwa ga jijjiga. Awon jini da ya kai 140 bisa 90 abin a kula ne. Babban hatsarin shi ne kumburin da ke tare da wannan ciwo yakan yi kama da ƙiba, sai a riƙa cewa ciki ya karɓe ta, alhali ruwa ne ke taruwa. Duk mai cikin da ta ga fuskarta da hannayenta sun kumbura, ko nauyinta ya ƙaru farat ɗaya, ko tana ciwon kai mai tsanani, ko tana gani dishi-dishi, ko tana jin ciwo a saman ciki, a kai ta asibiti a wannan rana, kada a jira ranar awo. Haka nan idan ta ga jini, ko motsin ɗa ya ragu.

Bayan waɗannan, ƙiba tana ƙara yiwuwar ɓari, da haihuwar ɗa ba rai, da zubar jini bayan haihuwa, da daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa, da jinkirin warkewar ɗinki. Ba muna cewa duk mai jiki sai ta gamu da waɗannan ba. Mafi yawansu suna sauka lafiya, musamman waɗanda suka fara awo da wuri. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

NAWA YA KAMATA MAI CIKI TA ƘARU?

Wajibi ne mai ciki ta ƙara nauyi, domin akwai ɗa da mabiyiya da ruwan da yake kwance a ciki, ga ƙarin jini, ga tanadin shayarwa. A shekarar 2009 Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka ta fitar da ma'aunin da ake amfani da shi a ƙasashe da dama ga mai ɗauke da ɗa guda. Wadda ta shiga ciki da rama ta ƙaru da kilo 12.5 zuwa 18. Mai daidaitaccen nauyi, kilo 11.5 zuwa 16. Wadda nauyinta ya wuce kima, kilo 7 zuwa 11.5. Mai ƙiba kuwa, kilo 5 zuwa 9.

Darasi biyu ke cikin wannan. Na farko, maganar nan ta cewa mai ciki ta ci rabon mutum biyu ba ta da madogara. A watanni ukun farko jiki ba ya buƙatar ƙarin abinci, a watannin ƙarshe ma ƙarin bai wuce misalin kofin fura da nono da dafaffen ƙwai ba. Na biyu, lokacin ciki ba lokacin rage ƙiba ba ne. Kada mai ciki ta horar da kanta da yunwa, kada ta sha shayin rage tumbi, kada ta kusanci alluran rage ƙiba na zamani irin su Ozempic, waɗanda ake so a daina su aƙalla wata biyu kafin ɗaukar ciki. Gyaran nauyi kafin ciki ake yin sa, ko bayan an sauka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Dole kuma mu ambaci ƙwayoyin nan da ake kira sha ka fashe, waɗanda wasu 'yan mata ke sha gab da aure don su cika ido. Daga cikinsu akwai magunguna masu ƙarfi da aka yi domin wasu cututtuka, kuma shan su barkatai yana tara ruwa da kitse, yana tayar da sukari da hawan jini, yana raunana garkuwar jiki. Iyaye mata da ƙawayen amarya, wannan amana ce a wuyanku.

ABINCI DA MOTSA JIKI

Maganin ba ya buƙatar kayan kanti masu tsada. Mu raba faranti gida biyu: rabi ganye da kayan lambu irin su zogale, alayyafo, rama, yakuwa, kabeji da karas. Ragowar rabin a sake raba shi, kashi ɗaya tuwo ko shinkafa ko acha ko dambu, ɗaya kashin kuma wake ko kifi ko ƙwai ko nama. A sha 'ya'yan itatuwa kamar gwanda da goba da lemo da kankana a yadda Allah ya halicce su. A tafasa madarar shanu kafin a ba mai ciki. A raba shan shayi da lokacin cin abinci, domin yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe mai gina jini.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babba zai sha a rana ya wuce misalin cokalin shayi 12, in so samu ne ma ya tsaya a 6. Lemon kwalba mai rabin lita guda ɗaya yakan ƙunshi fiye da cokali 10. Zoɓo da kunun aya da muke cika wa sukari su ma suna cikin lissafi. Gishiri kuwa kada ya kai giram 5 a rana, wato bai cika cokalin shayi guda ba, kuma kusan rabin ɗunƙulen ɗanɗano gishiri ne. Daddawa da albasa da citta da tafarnuwa sun wadatar wajen gyara miya.

Game da motsi, shawarar hukumar ta 2020 ita ce mai ciki da ba ta da wata matsala ta samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, kamar tafiyar minti 30 sau biyar. Zagaya tsakar gida da shara da aikin ɗaki duk suna shiga ciki. Ta yi tafiyar da za ta iya magana a cikinta ba tare da haki ya hana ta ba, ta guji zafin rana, ta tsaya idan ta ji jiri ko ciwon mara. Wadda likita ya umarta da hutu, ta bi umarninsa.

Daɗin daɗawa, tun 2016 hukumar ta ba da shawarar zuwa awo aƙalla sau 8, na farko cikin makonni 12 na farkon ciki, tare da shan ƙwayar ƙarin jini da ta folik asid kullum. Ita folik asid an fi so a fara ta tun kafin ciki ya shiga, domin lakar baya da ƙwaƙwalwar ɗan tayi suna haɗuwa ne a watan farko, kafin mace ta tabbatar tana da shi. Al'adar ɓoye ciki har sai ya fito fili tana sa mu rasa wannan dama. Kunyar surukai daban, ganin ma'aikaciyar lafiya daban.

RABON MAIGIDA

'Yan'uwa maza, kada mu ɗauka wannan jawabi na mata ne. A yawancin gidajenmu mu ke yin cefane, mu ke ba da izinin fita, mu ke biyan kuɗin awo. Mu ne kuma ke shigowa da ledar tsire da lemo da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, muna ganin kyautatawa ce. Ba zai yiwu a ce wa uwargida ta rage maiƙo ba alhali maigida yana son ganin mai yana iyo a kan miya. Tukunya ɗaya ake ci, saboda haka gyaranta na kowa ne.

Maigida ya auna nasa nauyin da jininsa da sukarinsa. Ya raka iyalinsa awo ko da sau biyu ne, ya ji bayanin likita da kunnensa. Ya taka tare da ita bayan la'asar ko bayan isha'i. Mai shan taba ya nisanta hayaƙinta daga gida, in ya daina ya fi. Ya tanadi kuɗi da mota da wanda zai ba da jini tun kafin watan haihuwa ya kama. Sannan ya kiyaye harshensa, domin gori da zolaya ba su taɓa rage wa kowa kilo ɗaya ba, sai dai su sa mace ta guji ma'auni. Ƙiba tana da alaƙa da gado da yanayin jiki da wasu magunguna, ba kullum ba ne take zuwa daga kwaɗayi. Malamanmu sun sha karantar da mu cewa addini ya hana almubazzaranci a ci da sha, ya kwaɗaitar da barin gurbin ruwa da na numfashi a ciki, ya kuma yi wa mai ciki da mai shayarwa rangwame a kan azumi idan akwai tsoron cutuwa.

BAYAN AN SAUKA

Jego al'ada ce mai kyau, domin tana ba mace hutu da kulawar dangi har kwana arba'in. Amma akwai gyara a cikinta. A shekarun 1970 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ciki har da Farfesa Eldryd Parry, sun ba da rahoton yawaitar ciwon zuciya a tsakanin masu jego, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da tsananin zafin wanka da kwanciya a kan gado mai wuta a ƙarƙashi. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan, kamar ƙarancin abinci mai gina jiki. Duk da haka, kanwa 'yar'uwar gishiri ce wajen tara ruwa a jiki, kuma wadda ta yi hawan jini da ciki ba ta da buƙatar ta. A yi wanka da ruwa mai ɗumi, a sha kunu ba tare da an cika kanwa da sukari ba, a ci ƙauri daidai wa daida.

Shayar da nono zalla na wata 6 yana kare jariri, yana kuma taimaka wa uwa. Wadda ta yi ciwon sukari da ciki ta koma gwaji bayan arba'in, ta ci gaba da yi lokaci zuwa lokaci. A ba da tazarar aƙalla shekara biyu kafin wani cikin, domin nauyin da aka shiga ciki na biyu da shi kan na farko, shi ne ke taruwa har ya gagari saukewa.

SHAWARWARI GA ƘUNGIYA

1. Kowane reshe na birni ya mallaki ma'aunin nauyi da na'urar awon jini da ta sukari, a riƙa gwaji a taron wata-wata ƙarƙashin kulawar 'ya'yan ƙungiya ma'aikatan lafiya.

2. A samar wa asibitin garinmu irin waɗannan kayan aiki tare da takardun gwajin fitsari, a kuma tallafa wa mata masu ƙaramin ƙarfi da ƙwayoyin ƙarin jini, domin matsalar gida ta fi karkata ga rama.

3. Reshen mata ya shirya zama da ungozomomi da iyaye a kan sha ka fashe da maganin zaƙi da kunun kanwa.

4. A roƙi limamanmu su sanya lafiyar masu juna biyu cikin nasihar ɗaurin aure da ta suna.

5. Mu fara da kanmu: a tarukan ƙungiya a rage lemon kwalba, a wadata ruwa da 'ya'yan itatuwa.

KAMMALAWA

Mun bar gida ne domin neman abin da za mu inganta rayuwar iyalanmu da shi, kuma Allah ya buɗa wa da yawa daga cikinmu. Bai kamata wannan buɗi ya zama sanadin maraicin 'ya'yanmu ba. Rai da ajali a hannun Allah suke, amma ya umarce mu da riƙo da sababi, kuma rigakafi ya fi magani. Muna roƙon kowane magidanci da ke nan, kafin wata ya ƙare, ya hau ma'auni shi da iyalinsa, su san inda suka tsaya.

Allah ya sauki masu juna biyu lafiya, ya ba masu nema zuriya ɗayyiba, ya jiƙan iyayenmu da 'yan'uwanmu mata da suka rasu a kan gwiwa. Allah ya ƙara wa Mai girma Hakimi lafiya da nisan kwana, ya ɗaukaka garinmu da ƙungiyarmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.